Jami'a Biyu a Gari Ɗaya: Tarihi da Gine-ginen Ilmi a Birnin Zariya

Gabatarwa



Duk baƙon da ya sauka a Kwangila ya tambayi inda jami'ar Zariya take, hanyar Samaru za a nuna masa, kuma wanda ya nuna masa ɗin bai yi kuskure ba. A can ne Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka buɗe ran 4 ga Oktoba, 1962, ita ce kuwa jami'ar zamani ta farko a duk faɗin Arewacin Nijeriya. Amma da baƙon nan zai juya ya nufi kudu, ya ratsa Tudun Wada, ya shiga birni ta Ƙofar Doka, da ya tarad da wata jami'ar wadda ta girme ta Samaru nesa ba kusa ba. Wannan ba ta da shugaba, ba ta da magatakarda, ba ta da hatimi. Azuzuwanta su ne zaurukan malamai, babban ɗakin taronta kuwa shi ne Masallacin Juma'a da ke kusa da fada.

Makasudin wannan lacca shi ne a jera waɗannan makarantu biyu, a dubi tarihin kowacce, a kuma dubi irin ginin da kowacce ta zauna a ciki. Dalilin haɗa tarihi da gini shi ne, aikin ginin makaranta ya wuce tsare rana da ruwa. Shi ke nuna wanda aka yarda ya shigo, da yadda malami da ɗalibi za su zauna, da kuma matsayin da ilmi yake da shi a cikin gari. Bayan an gama wannan za a kawo magana a kan wani bashi da ke wuyan ƙaramar, watau ta Samaru, wanda lokacin biyansa yake neman ƙurewa.

1. Birni da Ganuwarsa

Zazzau tana cikin Hausa Bakwai, ita ce kuma ta can kudu a cikinsu. Labarin da aka gada ya nuna sarautar ta zauna a Turunku, sa'an nan a gindin dutsen Kufena, kafin ta tabbata a inda birnin yake yanzu. Jerin sarakunan Zazzau ya sa Bakwa Turunku a wajen 1536, ana kuma cewa Amina da Zariya 'ya'yan Bakwa ne, birnin ya ci sunan ƙaramar. Littafin tarihin Kano kuwa ya ambaci Amina tun a zamanin Sarkin Kano Dauda, watau a farkon ƙarni na 15. Ko wanne aka ɗauka, sunanta ya bi ganuwa, har ya zama a wurare da yawa na ƙasar Hausa idan aka ga tsohuwar ganuwa sai a ce ganuwar Amina ce.

Kewayen ganuwar Zariya ya kai kimanin mil goma. Cikin ƙofofinta akwai Ƙofar Doka, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Bai, da Ƙofar Galadima, da Ƙofar Jatau, da Ƙofar Kibo. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai da dutsen Madarkaci, domin in abokan gaba sun yi wa gari zobe mutane su sami abin ci da abin sha.

Abin da ya haɗa ganuwa da zancen ilmi a fili yake. Karatu mai zurfi yana bukatar shekaru, shekaru kuwa suna bukatar kwanciyar hankali. Haka nan littafi kaya ne mai tsada wanda ba a iya gudu da shi kullum. Zariya ta samu aminci a bayan ganuwarta, ta kuma zauna a kan hanyar fataken da ke tsakanin Kano da ƙasar Nufe. Inda fatake suka yada zango kuwa, nan malamai ke sauka, da su da gafakarsu.

Cikin 1808 Malam Musa Bamalli, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya ci Zariya. Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja cikin 1828, wanda yanzu ake kira Suleja. Daga nan sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Waɗanda suka kafa gidajen nan malamai ne kafin su zama sarakuna, wannan kuwa ya ƙara wa karatu daraja a birnin. Ana iya ganin alamar haka har a tsarin sarauta, domin cikin masu zaɓen sarki biyar da suka zauna a 2020, bayan rasuwar Sarki Shehu Idris, biyu limamai ne, watau Limamin Juma'a da Limamin Kona.

2. Makarantar Zaure

Unguwannin Kona da Juma da Kakaki suna cikin waɗanda suka yi suna wajen karatu, Zariya kuma ta shahara a ƙasar Hausa da nahawu da lugga. Wanda ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, in yana son ci gaba, sai ya shiga abin da ake kira makarantar ilmi. A fannin fiƙihu zai fara da Ahlari da Ishmawi, ya bi ta Iziyya da Risala da Askari, har ya kai Muhtasar na Halilu. A nahawu zai tashi daga Ajurumiya ya kai Alfiyyar Ibn Malik. A lugga akwai Ishiriniya da Muƙamat ta Hariri da waƙoƙin Larabawan jahiliyya. Sa'an nan ga tafsirin Jalalaini, ga Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ga Ashafa ta Alƙali Iyal.

Yadda ake karatun kuwa shi ne, malam yana zaune bisa buzunsa, ɗalibai sun kewaye shi a kan tabarmi, kowa da littafinsa. Wanda layi ya zo kansa sai ya karanta matani da Larabci gaɓa-gaɓa, malam yana fassarawa da Hausa yana warware abin da ya shige duhu, sauran suna saurare. Ta haka mai ƙaramin littafi yakan tsinci abin da ke cikin babba tun bai kai gare shi ba. Ɗalibi shi ke zaɓen malaminsa. Yana iya ɗaukar fiƙihu a wannan zaure da hantsi, ya tafi wata unguwa ɗaukar nahawu bayan azahar. In ya ƙware, malam ya ba shi ijaza, wadda ke ɗauke da jerin malaman da ilmin ya biyo ta hannunsu har zuwa mawallafin littafin. Baƙin ɗalibai sukan zauna a gidajen unguwa, su riƙa ciyad da kansu da sana'a, musamman ɗinkin hula da aikin babbar riga, waɗanda birnin ya yi fice a kansu.

Wani zai ce, shin ya halatta a kira wannan jami'a? Amsa ita ce, manyan jami'o'in duniya da haka suka faro. Ƙarawiyyin ta birnin Fas, wadda aka kafa cikin 859, da Azhar ta Alƙahira, wadda aka aza harsashinta cikin 970, masallatai ne da malamai ke kafa halƙa a gindin ginshiƙansu. Haka Sankore ta Tambutu, haka Gobarau ta Katsina. A Turai ma, Bolonya da Faris da Okisfod sun daɗe suna ƙungiyoyin malamai da ɗalibai masu karatu a ɗakunan haya da majami'u kafin su mallaki gini nasu na kansu. Abin da ya mai da su jami'a shi ne taruwar gwanaye a gari ɗaya, da jerin littattafai sananne, da shaidar da masana suka yarda da ita. Zariya ta cika ukun nan.

Yanzu sai a dubi zauren kansa. Ɗaki ne a bakin gida mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon hanya, ɗaya tana shiga ciki, ba a kuwa sa su daura da juna, domin kada mai wucewa ya hangi iyali. Ƙofar hanya a buɗe take wuni. Saboda haka zaure na mai gida ne, na jama'a ne kuma. Maɗinki da ɗan kasuwa da ɗan sarki da tsoho mai furfura duk suna iya cire takalmi su zauna, ba a tambayar shekarunsu, ba a yanka musu kuɗi. Malam kuma yana zaune a tsakiyar mutanen da yake karantarwa, shi ke raɗa sunan 'ya'yansu, shi ke raba musu gado, suna ganin halinsa dare da rana.

Sai dai ba daidai ba ne a ɓoye rauninsa. Zaure wurin maza ne. Matan da suka yi karatu a cikin gida suka yi shi, hannun iyaye ko mazaje. Ba shi da wurin gwajin kimiyya. Makaranta takan mutu da mutuwar malaminta in bai bar magaji ba, littattafansa kuma a raba su gado, wasu su ƙare a bakin gara.

3. Ƙasa da Azara: Aikin Babban Gwani

Kayan da aka gina wannan jami'a da su duk daga ƙasar Zazzau aka samo su. Ana haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, sa'an nan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Ramukan da aka haƙa su ne suka zama kududdufan birni. Ana jera tubali a cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa. Rufi kuwa da azara ake yi, watau tsagin itacen giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba. Daga waje a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. A sa indararo ya zubad da ruwa nesa da bango, a tsai da zankwaye a kusurwoyi.

Wahalar da ke gaban magini ita ce, azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ci ɗaruruwan mutane? Dabarar da maginan Hausa suka fitar ita ce bakan gizo. Ana dasa azara a cikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan leƙo gaba, a ɗaure da igiya a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe, a sake ɗora wata. Haka za a yi ta yi daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama. In bakuna da yawa suka gicciye juna, sai su raba rufin zuwa ƙananan gurabe waɗanda azara za ta iya rufewa, a tayad da tulluwa a kai. Ƙasa tana ɗaukar danniya, azara tana ɗaukar ja, watau aikin da siminti da rodi ke yi a ginin zamani ke nan.

Inda wannan fasaha ta kai matuƙa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne wanda aka sani da laƙabin Babban Gwani. Wasu suna kiransa Muhammadu Durugu, wasu kuma Malam Mika'ilu. Ya rufe babban ɗakin salla da tulluwa shida, bisa manyan ginshiƙai da bakunan gizo masu fitowa daga jikinsu kamar rassan itace. Ya yi wa ginshiƙan zane mai zurfi tun ƙasar tana ɗanya. Ya kewaye masallacin da haraba, ya yi zauruka a mashiganta inda ake alwala, ya kuma haɗa ɗakin shari'a a jikin harabar. Salla da shari'a da karatu suka zauna a inuwa ɗaya.

Akwai labarin baka da ke cewa wani sarki na Birnin Gwari ya sa Babban Gwani ya gina masa masallaci, da ya gama sai ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Malaman lugga za su tuna Larabawa suna da irin wannan labari game da Sinimmar, maginin fadar Hawarnaƙ. Irin labarin nan yakan bi magini ne in mutane sun ga aikinsa ya wuce misali.

4. Ilmi Ya Fita Bayan Ganuwa

Turawan Ingila sun shigo Zariya cikin 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, Aliyu ɗan Sidi ya hau cikin 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso wajen 1911, sababbin unguwanni suka tashi a bayan ganuwa, watau Sabon Gari da Tudun Wada. Daga wannan lokaci kusan duk wata sabuwar ma'aikatar ilmi a waje aka kafa ta. Likita Mila, ɗan mishan, ya zauna cikin birni tun 1905, amma cikin 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa. Abin lura a nan, majami'ar da aka gina a Wusasa a wannan shekara da ƙasa da azara aka yi ta, bisa tsarin maginan Hausa.

Cikin 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru. Hukumar Fassara ta dawo Zariya a farkon shekarun 1930, daga cikinta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945. Kwalejin Katsina, bayan ta zauna a Kaduna tun 1938, ta dawo Zariya cikin 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Makarantar horad da akawuna ta Kongo ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki cikin 1954. A farkon shekarun 1950 kuma aka kafa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, mai rassa a Ibadan da Inugu, hedkwatarta a Zariya. Cikin 1955 aka kawo sashen koyon tsara gine-gine da na zane-zane daga Ibadan zuwa nan.

Hukumar Ashby, wadda aka naɗa cikin 1959 don ta duba bukatun ilmi mai zurfi, ta ba da rahotonta cikin 1960, ta kawo shawarar a yi jami'a a Jihar Arewa. Aka tattara kwalejin nan, da cibiyar Kongo, da tashar Samaru, da wata kwaleji a Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero cikin 1977, aka yi Jami'ar Ahmadu Bello. Ta fara da tsangayoyi 4, da sassa 15, da ɗalibai 426. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne uban jami'a na farko. Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, shi ne shugabanta na farko. Dokta Ishaya Audu ya gaje shi cikin 1966 ya riƙe har 1975, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar.

5. Ginin Samaru

Tsarin Samaru ya bi ra'ayin da ake yayi a ƙasashen da Ingila ta mallaka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A nemi fili mai faɗi nesa da hayaniyar gari, a kewaye shi, a raba shi kashi-kashi: nan azuzuwa, nan ɗakunan kwanan ɗalibai, can gidajen malamai. Su gine-ginen kuwa na siminti da rodi ne, dogaye, masu baranda da tagogin gilashi masu buɗewa jere-jere, da bangaye masu huda don iska ta ratsa. Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka tsara gine-ginen jami'ar Ibadan, su ne suka fi yaɗa wannan salo a Afirka ta Yamma. Daga baya aka ƙara manyan gine-gine, kamar Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da dogon benen Majalisar Jami'a.

Wajibi ne a faɗi alherin wannan tsari. Ya ba da wurin gwaje-gwajen kimiyya, da koyon likitanci da injiniyanci, waɗanda zaure ba zai iya ɗauka ba. Ya ba mata masauki da kujera a aji. Ɗaya daga cikin gidajen kwanansu ma sunan Sarauniya Amina ya ci. Ya tara 'ya'yan kabilu da addinai dabam-dabam a ɗaki ɗaya. Ya kuma sa makaranta ta daina mutuwa da mutuwar malami.

Amma ya zo da nasa farashi. Ƙofar zaure tana kallon hanya, ƙofar Samaru kuwa mai gadi ne a bakinta, ba a zama ɗalibi sai da takardar shaida. Malami ya tashi daga tsakiyar unguwa ya koma gidan gwamnati a bayan shinge. Ta wajen yanayi ma, salon buɗe gini ga iska ya fi dacewa da ƙasashen kurmi masu gumi. Zariya ƙasa ce mai hunturu da ƙura da zafin bazara. Bangon ƙasa mai kauri da ƙananan tagogi yakan shanye zafin rana ya hana shi shiga ɗaki, sai dare ya yi sanyi ya sake shi. Siririn bangon bulo da rufin kwano kuwa nan da nan suke ɗaukar zafi, sai an nemi fanka da wutar lantarki.

6. Inda Suka Haɗu da Inda Suka Saɓa

Ba za a ce jami'ar Samaru ta juya wa birni baya ɗungum ba. Tun cikin 1958 wasu ɗaliban zane, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a Zariya suna neman a haɗa fasahar gida da ta waje. Cikin 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranta, aka tattara rubuce-rubucen Larabci daga hannun malamai aka ɗauki hotonsu. A tsakiyar shekarun 1970 aka gina dandalin wasan kwaikwayo na jami'a da ƙasa, ɗakuna masu da'ira kewaye da fili kamar tsakar gida, bisa tsarin Steven Ehrlich. Friedrich Schwerdtfeger ya auna gidajen birni ya fitad da littafi cikin 1982, Hamman Tukur Sa'ad kuma ya rubuta kundin digirinsa na uku cikin 1981 a kan maginan Hausa da yadda suke auna kyan gini.

Duk da haka, a cikin shekarun 1970 ɗin nan ne aka gina sabon masallaci na siminti a kan aikin Babban Gwani. Aka rasa wani sashe na tsohon ginin, abin da ya rage na ɗakin salla kuma ya koma cikin cikin sabon. Waɗanda suka yi haka suna da hujjarsu: jama'a ta ƙaru, ginin ƙasa kuma yana son yaɓe kowace shekara. Rufin da aka yi masa ma ya tsare ragowar daga ruwan sama. Amma sifar masallacin ta waje, da tulluwarsa da harabarsa, ta tafi. Wanda ya auna shi filla-filla tun yana cikakke shi ne Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, da shi da ma'aikatan hukumar kayan tarihi, aka kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Wannan ya faru ne alhali makarantar tsara gine-gine mafi tsufa a Nijeriya tana 'yan mil kaɗan daga wurin.

Ganuwa ma haka. A da sarki ke sa talakawa da bayi su fito gyaranta bayan damina. Da wannan tsari ya kau, ba a maye gurbinsa da wani ba, ruwa ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka ci nasu. Zaurukan ƙasa kuma ana ta rushe su ana mai da su na bulo, domin azara ta yi wuya, gyara ya yi tsada, mai gida kuma ba ya son a ce ya kasa. Ba a zargin kowa da son ɗakin da ba ya yoyo. Abin tsoro shi ne, ilmin ɗaura bakan gizo ba a littafi yake ba, a hannu yake, daga uba zuwa ɗa. Ranar da magini na ƙarshe da ya iya shi ya kwanta dama, hoto da ma'auni ba za su tayad da tulluwa ba.

Maƙwabta sun nuna akwai wata hanya. A ƙauyen Yama na Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa cikin 1962, shekarar da aka buɗe jami'ar Samaru, aikin kuma ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine cikin 1986. A Dandaji, a Nijar ɗin dai, da masallacin ƙasa ya yi wa jama'a kaɗan, sai aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa matsattse, aka gama cikin 2018. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari ke fitowa yaɓen babban masallacinsu. Cikin 2022 kuma Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya yi suna da makarantar ƙasa da ya gina a ƙauyensu Gando, ya karɓi lambar Pritzker, wadda ake ɗauka ita ce mafi girma a wannan fanni.

Kammalawa

Bashin da aka ambata a farko shi ne wannan. Jami'ar Samaru ta tarad da gari wanda ya riga ya san darajar malami da littafi, ta ci moriyar sunansa. Abin da za ta iya biya da shi guda huɗu ne, ba kuwa wanda ya fi ƙarfinta.

Na farko, a ɗauki maginan gargajiya da suka rage a matsayin malamai masu albashi a sashen tsara gine-gine, kada ɗalibi ya fita sai ya mulmula tubali ya ɗaura azara da hannunsa. Na biyu, a bi birni unguwa-unguwa, da izinin fada da na masu gidaje, a auna duk zaure da soro da ragowar ganuwa da ke tsaye, a ajiye zanensu inda kowa zai iya gani. Na uku, a taimaki gidajen malamai su jera littattafansu, a ɗauki hotonsu, a bar musu asalinsu a hannunsu, a kuma rubuta silsilar malaman kowane zaure tun masu riƙe da ita a ka suna da rai. Na huɗu, masana aikin gona da na gandun daji su sa hannu a dashen giginya, domin itace ne mai jinkirin girma, wanda ya dasa ba shi zai tsaga azararsa ba. Masana injiniyanci kuma su nemo hanyar da bangon ƙasa zai jure damina ba tare da yaɓen kowace shekara ba.

Birni ma yana da nasa rabon aiki. Mai zauren da ya gada daga kakanni, kafin ya kira mai bulo, ya kamata ya san abin da ke hannunsa, hukuma kuma ta taimake shi da abin gyara, don kada riƙon tarihin jama'a ya zama hasarar mutum ɗaya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Allah ya ji ƙan malaman da suka gabata, na zaure da na aji, da maginan da suka yi musu inuwa. Allah ya sa a dace.